Wanda Ya Aske Gwamna

Gonar Lotter, Swartberg
11 ga Satumba, 1988

Zuwa ga yayata, Ausi Moliehi,

Gaisuwa mai yawa daga wannan gefen dutse. Ina fata kina lafiya, ke da yara, da Inna da gwiwoyinta. Ni dai lau nake, in ban da murar da ta bi kowa a nan tun da sanyi ya fara sakinmu. Ki gaya wa Inna ina rufa da bargon da ta ba ni, ta kwantar da hankalinta.

Kin tambayi wane aiki aka ba ni tunda aka ɗauke ni daga bin garke. To ki zauna da kyau kafin ki yi dariya. Aski nake koyo. Askin shanu. Jajayen bijiman nan na Bature Lotter gashi suke tarawa da sanyi kamar tumakinmu, ga shi ƙarshen watan gobe za a kai goma sha biyu gwanjo. Mai saye kuwa bayan dabba da ƙirjinta yake son gani, ba gashi ba. Sai mu shigar da su rumfa ɗaya bayan ɗaya, mu matse tsakanin ƙarafa, a wanke, a goge da buhu har su bushe, sannan a bi da injin aski mai wayar lantarki: kai, wuya, gadon baya, wutsiya.

Dattijonmu Ntate Ntsane ne mai kula da rumfar, shekara talatin da ɗaya ke nan. In ya ɗauki kofin shayi hannunsa rawa yake yi, amma da ya kama inji sai rawar ta tsaya cak. Hira yake yi da bijiman kamar surukansa. Kullum maganarsa ɗaya, yana kirana da sunan babanmu: "Ɗan Tlali, jiƙaƙƙen gashi ba a askinsa. Inji zai shaƙe, ya ja, ya ciji fata. Ko Bature na tsalle a kanka, ka jira ya bushe." Na ji wannan har na haddace.

Akwai babbansu, muna kiransa Gwamna don ba ya tashi wa kowa. Shi ne abin alfaharin gonar, Ntate kaɗai ke taɓa shi. Shekaranjiya Bature ya tsaya yana kallona ina aske wani ƙarami, ya ce wa direbansa, "Wannan yana da sauri." Na yi kamar ban ji ba, amma na ji.

Mme Mathuso, matar Ntate, tana gaishe ku. Kowace Lahadi a gidansu nake cin tuwon masara, tana faɗan na rame.

Ƙanenki,
Seabata

*

Sehlabathebe
2 ga Oktoba, 1988

Ƙanena Seabata,

Wasiƙarka ta same mu lafiya. Yara ƙalau, Inna gwiwa ɗaya ta yi sauƙi ɗaya ta ƙi. Uban yara har yanzu bai rubuto daga ramin zinariya ba, amma wani da ya dawo ya ce ya gan shi da ƙafafunsa.

Ashe wanzamin shanu muka samu a gida! Na karanta wa Inna, ta yi dariya har da tari. Ta ce in tambaye ka ko bijiman suna duba madubi bayan an gama. Ta ce kuma in ka zo Kirsimeti ka fara da kan ɗana Lefa, ya fi Gwamnanku gardama.

Bari wasa. Wannan maganar ta "yana da sauri" ban so yadda ka rubuta ta ba. Na san ka tun kana rarrafe, yabo yana hawa kanka. Ka tuna yadda ka zauna shekara guda a gindin katanga bayan an kore ku daga ramin zinariya, ba ka ko wanke fuska. Ntate Ntsane ne ya hawo dutsen nan a kan doki, ya ce wa Inna, "Ɗan Tlali ɗana ne, ba ni shi." Shi ya tsaya gaban Bature ya cire hula saboda kai. Ka riƙe shi kamar yadda za ka riƙe babanmu da yana raye.

Ruwa ya fara a nan, masara ta leƙo. Ka gaishe da Mme Mathuso, ka ce na gode da tuwon Lahadi.

Yayarka,
Moliehi

*

Gonar Lotter
6 ga Nuwamba, 1988

Ausi,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, ruwa ya yi kwana goma sha ɗaya bai ɗauke ba, hanya ta yanke.

Labarin babu daɗi. Gwamna bai je gwanjo ba. An aske shi a jiƙe, ya firgita, ya tsallake ƙarfe ya zame a kan siminti, ƙafar baya ta karye. An yanka shi. Bature ya sallami Ntate Ntsane, ya ba shi zuwa ƙarshen shekara ya tashi daga gidan da yake ciki. Rumfar yanzu a hannuna take, har an ba ni ɗaki na kaina mai rufin kwano.

Sauran ban san yadda ake rubuta shi ba, don haka zan faɗa a gajarce. Ntate ba ya nan ranar. Ni na aske Gwamna. Da aka tambaya na yi shiru. Kada ki gaya wa Inna tukuna, ki bar ni in nemo bakin faɗa. Ke dai ki rubuto ki zage ni, zai fi mini sauƙi.

Seabata

*

Sehlabathebe
27 ga Nuwamba, 1988

Ƙanena, mai rumfa guda!

Muna lafiya, muna murna. Wasiƙarka ta sha wuya kafin ta iso. Ruwa ya tare mai dokin da ke kawo jakar wasiƙu zuwa coci, komai ya jiƙe sharkaf. Taka na shanya ta a kan murfin tukunya. Sama ya karantu, har wurin ɗaki mai rufin kwano. Daga nan zuwa ƙasa tawada ta narke, sai shuɗi kawai. In gaisuwa ce ka jero wa mutane, duk na isar.

Inna ta sa an yanka jan zakaran nan. Ranar Alhamis a taron matan coci na miƙe na gode wa Ubangiji da Ya ɗaga ɗan Tlali, aka yi ta guɗa.

Labarin Ntate Ntsane kuwa ya ba ni tausayi, amma ya ba ni haushi. Mutumin da ya cika maka kunne da kada a aske jiƙaƙƙe, shi ne zai je ya aikata? Na dinga juya abin a raina. Sai ga shi ranar Asabar a wurin injin niƙa ƙanwarsa Mme Limakatso ta dube ni ta ce, "Wasu na yanka zakara, wasu na ɗaure kaya." Gaban mutane fa. Ka san bakina. Na ce, "Mme, ƙanena bai karya ƙafar kowa ba. Ki tambayi yayanki me ya sha ranar, tunda hannun nan nasa ba sanyi ne ke kaɗa shi ba." Wurin ya ɗauki dariya, ta sunkuci garinta ta tafi. Na san na ɗan yi zafi, amma ba zan tsaya ana ɓata maka suna ba alhali da guminka ka samu.

Ka riƙe aikinka da kyau. In ka ga tsohon ka gaishe shi, ka taya shi ɗaure kaya, ko ba komai ya yi mana rana. Muna sauraronka Kirsimeti.

Yayarka mai alfahari da kai,
Moliehi

*

Sehlabathebe
15 ga Janairu, 1989

Seabata,

Muna lafiya. Kai ne ba mu sani ba. Kirsimeti ta zo ta wuce, Inna ta yini a bakin ƙofa tana duban hanya. Ba kai, ba wasiƙa. Wannan ta uku ke nan da na aika, ko ta tsakiyar ta ɓata ne, ko kai ne ka ɓata?

Ntate Ntsane da Mme Mathuso sun iso ranar biyu ga wata a bayan akori-kura, da gado da tukwane da kaji a cikin kwando, ana yayyafi. Suna zaune wurin Mme Limakatso, ɗaki ɗaya su biyar. Yara a hanya suna bin sa suna kwaikwayon tafiyar mashayi. Maganata ce ta yi ƙafa, na sani.

Ranar Lahadi ya zo gaishe da Inna, hula a hannu. Na ba shi shayi ban ko zauna ba. Inna ta tambaye shi kai, ya ce, "Yana nan lafiya. Hannunsa na da kyau, gaggawa ce kawai, ita ma za ta bar shi." Ya sha shayinsa ya yi godiya.

Jiya kuma na haɗu da Mme Mathuso a bakin marmaro. Na gaishe ta, ta ci gaba da cika tulunta. Sannan ta ce, "Moliehi, ranar da kike cewa mijina ya bugu, yana zaune a kan bencin asibiti a Kokstad tun safe, yana riƙe da jakata, ana duba mini ido. Ya hana ni magana, na yi shiru wata biyu. Amma ke da kike da baki, ki tambayi wanda ya ci tuwona."

Na dawo gida. Na ciro wasiƙarka ta Nuwamba na ɗaga ta saitin rana. Inda alƙalami ya danna takarda ana ɗan ganin sawu. Kalma biyu na iya fitarwa, "ni" da "shiru".

Me ka rubuta a wurin nan, Seabata? Kada ka gaishe ni, kada ka ba ni labarin ruwa. Ka amsa wannan kawai.

Moliehi

*

Gonar Lotter
5 ga Fabrairu, 1989

Ausi Moliehi,

Kin ce kada in gaishe ki, amma ki bar ni in tambayi jikin Inna. Wasiƙunki duka uku sun zo. Suna nan a aljihun rigar aiki, ban amsa ba don kunya.

Ga abin da ruwa ya shafe, wannan karon ba a gajarce ba.

Saura kwana huɗu gwanjo, ruwa ya ƙi tsayawa. Mun gama sha ɗaya da ƙyar, muna goge su da buhu har hannu ya mutu. Saura Gwamna. Ranar Talata Ntate zai kai Mme asibiti, ya miƙo mini makullin rumfa ya ce, "Ka shigo da shi, ka shimfiɗa masa ciyawa, ka bar shi ya sha iska. Kada ka kunna inji. Gobe ni da kai." Na ce to.

Da hantsi Bature ya leƙo, ya ga Gwamna da gashinsa, ya yi tsaki ya ce, "Tsohon nan sai ya kashe ni da jira." Ya hau motarsa ya tafi gari. Ba wanda ya ce in yi komai. Ni ne na tsaya ina kallon injin, ina hango fuskar Bature in ya dawo ya tarar an gama. Na shafa bayan Gwamna, sama ya bushe, ƙasan gashin da danshi. Na ji danshin a yatsuna, Ausi. Ba zan ce ban sani ba.

Askin wuya ya tafi daidai. Da na hau kafaɗa inji ya shaƙe, ya cije fata, jini ya fito. Gwamna ya yi harbi, waya ta faɗa cikin ruwan da ke kwance a ƙasa, wuta ta ja mu mu biyu. Ni ta jefar da ni gefe. Shi ya ɗaga gaba ya haye ƙarfen, ya sauka a kan jiƙaƙƙen siminti. Ƙarar ƙashin har yanzu tana kunnena.

Da yamma Bature ya tara mu a rumfar, ruwa na dukan kwano har sai ya ɗaga murya. Ntate ya iso ke nan, ko takalmin ruwa bai sa ba. Bature ya ce, "Wa ya kunna inji?" Mu takwas ne a tsaye, duk sun sani. Ntate ya dube ni. Ba harara ba ce, jira yake yi. Na sunkuyar da kai ina kallon taɓo. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji ya ce, "Rumfata ce. Abin da ya faru a cikinta nawa ne."

Washegari aka raba mana naman. Kowa ya karɓa, ni ma na miƙa hannu na karɓa don kada a ce wani abu. Na kai wa karnuka a bayan shinge. Ranar da suka ɗaure kaya ban je ba, na ce ina da aiki a garken nesa. Na laɓe a bayan duwatsu ina kallon motar har ta sha kwana.

Amma abin da ya fi duka muni shi ne wannan. Da wasiƙarki ta zo kika ce ƙasan ya narke, daɗi na ji. Na ce a raina ai na faɗa, ruwa ne ya hana a ji. Na karanta abin da kika gaya wa Mme Limakatso, na ninke takardar na koma aiki. Da na amsa a wancan makon, da yara ba su bi shi a hanya ba.

Ranar Litinin da ta wuce na je na sami Bature a wurin awon maruƙa. Na cire hula na ce, "Ni ne na aske Gwamna, Ntsane yana Kokstad." Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ka ɗauka ban sani ba? Shekara talatin bai taɓa yanka mini fata ba. Amma ya tsufa, da ma ina neman ranar da zan sallame shi. Kai ka koyi darasi, kuma ba za ka sake ba. Je ka, akwai shanun nuni a watan Mayu." Na roƙe shi ya maido shi ko da gadin ƙofa ne. Ya ce an riga an ba wani gidan.

Don haka faɗar tawa ba ta gyara komai a nan ba. Ina tunanin ajiye aikin, don ba na iya shiga rumfar ban ji kamar na sa rigar wani ba. Ki karanta wa Inna wannan duka, kada ki tsallake layi. Ki karanta wa duk wanda kika ga ya kamata. Na naɗe ta cikin leda.

Ƙanenki, in har yanzu kina so,
Seabata

*

Sehlabathebe
5 ga Maris, 1989

Ƙanena Seabata,

Muna nan da rai da lafiya. Wasiƙarka ta zo a bushe, kowane layi ya karantu.

Zagin da ka cancanta na tanade shi, sai ka zo. Ban da bakin yi yanzu, don nawa laifin yana gabana. Kai shiru ka yi, ni kuwa ƙarya na ƙirƙira na ɗora wa dattijo a gaban jama'a.

Na karanta wa Inna. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in maimaita wurin da Ntate ya dube ka, na maimaita. Sai ta ja bargonta ta ɗauki sanda. Na ce ta bari in nemo jaki, ta ce a'a. Da gwiwoyin nan ta taka har gidan Mme Limakatso, tana hutawa a kan kowane dutse, ina biye da ita kamar wadda aka kama da sata. Da muka isa ta durƙusa a ƙasa gaban Ntate. Sai da shi da ni muka haɗu muka ɗaga ta.

Na karanta musu. Da na kai wurin da ka je gun Bature, ran Ntate ya ɓaci, ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce, "Wa ya aike shi? Ni na san kwanana a gonar nan ya ƙare, da maganar bijimin ko babu. Na ga in mutum ɗaya zai tafi, gara wanda ya riga ya ci nasa. Yanzu kuma wai zai ajiye? In ya ajiye, ashe a banza na kwaso tukwanena cikin ruwa." Ya ce in rubuta maka da manyan baƙaƙe: KADA KA BAR RUMFAR. Sannan ya ce a hankali, "Amma na so ya ɗago kai ranar. Ko da zan tare shi, na so ya ɗago."

Mme Mathuso ta ce, "Shi ya yafe, ni ban yafe ba. Shekara talatin na shuka itatuwan lemo a ƙofar gidan nan, 'ya'yana biyu suna binne a bayansa. Ku rubuta masa wannan ma." Ga shi na rubuta.

Ranar Asabar na je wurin injin niƙa lokacin da ya fi cika. Na sa mai injin ya kashe, na hau kan buhu na faɗi komai: inda Ntate yake ranar, wanda ya kunna inji, da cewa maganar giya daga bakina ta fito ba daga ko'ina ba. Ba wanda ya yi dariya. Wata ta ce, "To zakaran fa?" Na ce an riga an ci. Na dawo ban niƙa masarar ba, na manta ta a can.

Yanzu ga abin da ya rage. Mai gari ya ba Ntate filin mahaifinsa, maza sun taya shi ɗora bangon dutse. Saura jinka, ciyawar kuwa sai an hau can saman kwari a yanko, bayan ta bushe a watan Yuni. Ntate ya ce ba ya son sukari, ba ya son bargo, kada ka saya masa komai. In an gama nunin shanu ka nemi hutu ka zo da lauje. Za ka yanko, ka ɗauko a ka, ka ratsa ta tsakiyar gari da rana, ko sau nawa ne, sai ɗakin ya rufu. Ni zan ɗaure dami. Mme Mathuso ta ce ba za ta dafa maka ba, don haka abincinka daga wurina zai fito.

Inna ta ce in gaya maka tana gaishe ka, kuma har yanzu ɗanta ne kai. Ta ce ranar da ka sauka daga mota kada ka biyo ta ƙofarmu. Ka wuce wurin Ntate tukuna, ka tsaya gabansa ka faɗa da bakinka, idonka cikin nasa. In ka gama, ka zo gida.

Yayarka,
Moliehi